Ƙafar Munkaila da Ƙwayar Ragunan Layya

Mai girma magajin gari, mai martaba hakimi, liman da malamanmu, iyayenmu mata, jama'ar Bazaga baki ɗaya, assalamu alaikum. Na gode da kuka baro gonaki a tsakiyar noma don ku saurari majon likitarku, wato ni shugaban masu jinya na asibitin garin nan, alhali kun san yau ba yabo ya kawo ni ba.

Na farko, ku sake jin abin da na shekara shida ina faɗa har maƙogwarona ya bushe. Mutum da akuya da jaki, duk mai shan nono, Allah ya sa masa masu tsaro a ƙarƙashin fata tun ranar haihuwa. Ƙwayoyin cuta kuwa suna da wata alama a ɓawonsu wadda babu irinta a naman jikinmu. Masu tsaron nan ba sai sun taɓa sanin cutar ba. Da sun ji alamar sai su ɗau kururuwa, kamar karen ruga ya ji baƙo. Jini ya rugo, wuri ya yi zafi, ya kumbura. Kumburin da kuke ƙi, shi ne shaidar jiki ya farga.

Na biyu, Munkaila, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ce in kama sunansa. Hauya ta sare shi a ƙafa, ƙafa ta kumbura. Maimakon ya zo likita, sai ya haɗiye ƙwayar da kuke ɗura wa ragunan layya don su yi ƙiba. Ya ce mini, "Yaya, diba, kumburi ya sace, ni gona za ni." Ya sace mana! Ƙwayar nan bakin masu tsaro take toshewa, cutar kuwa ko gezau. Kwana tara cutar tana cin nama babu mai ihu. Ƙanen majo guda, jama'a. Wallahi kunya da takaici sun ishe ni.

Na uku, ina roƙonku, ina ƙara roƙonku: in ciwo ya kumbura, ku wanke shi da ruwa da sabulu, ku kawo mini shi ran nan, ba sai ya yi wari ba.

Munkaila yana kwance a asibitin Ƙonni, ƴaƴansa biyar, gonarsa ko maimai ba a yi ba. Jiya lokotoro, doktan da ke duba shi, ya ja ni gefe. Maganar yanke ƙafar an gama ta. Abin da ya rage, daga ina: idon sawu ko gwiwa.

Allah ya sa a tsaya a idon sawu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa biyu. Na gode.