Moɗar Ruwa a Hannun Goggo Dije

'Yan'uwana mata na zumunta, da ku iyayenmu maza da za a karanta wa wannan, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu wanda ya tashe mu lafiya yau. Sunana Saratu, amma a unguwarmu in ba ka ce Saratu mai keke ba, ba wanda zai nuna maka gidan. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da rubutun. Bakin kuwa kun san shi, ba ya gajiya.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Farin Dutse, ƙasar Gwaram. Aikin hanya ne ya kawo maigidana Birnin Kudu, a shekarun nan da aka bar fam da sule aka koma naira. Muka kama haya a gidan wata dattijuwa, Goggo Dije, Bafulatanar asali, 'ya'yanta suna can Kwandiko da shanunsu. Gidan babba ne, cike da matan haya, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Ran Lahadi in mun tafi sujada, Goggo ce take duba mini tukunya.

Kuɗi ya ɗan shigo hannun mutane a lokacin. Wata rana maigida ya dawo daga Kano da keken ɗinki na ƙafa a saman mota. Ni mace ce mai zaman gida, ba kasuwa, ba yawon biki, amma ina son hira kamar me. Keken nan shi ya kawo mini gari har ƙofar ɗaki. Na kafa shi a rumfa, matan gida su shimfiɗa tabarma, tsofaffin unguwa su shigo da atamfar surukansu. Ina takawa ina jin labarin wadda ta haihu da wanda ya sayi babur. Ban taɓa jin daɗin zama irin na lokacin ba.

Sai azumin watan Ramalana ya kama, a ƙarshen damina, cikin zafin nan na nunar dawa. Kayan salla suka taru har kan gado. Tun hantsi nake hawa keke, ba na sauka sai rana ta faɗi, in dafa tuwo, in kunna fitila in koma. Ga goyon ɗana Bitrus a baya, yana shan nono.

A nan ciwon ya same ni. Ina cikin barci sai in ji kamar an sa hannu a naman bayan ƙwaurina an murɗe shi kamar wanki. Naman ya dunƙule ya yi tauri, yatsu su lanƙwashe ƙasa. In ƙudundune in rungume gwiwa, abin sai ƙaruwa. Wani dare har na shure maigida ya faɗo daga gado. Da safe in tashi ina ɗingishi kamar wadda aka yi wa duka.

Na sha shawara. Wata ta ce in kira wanzami ya yi mini ƙaho. Wata ta raɗa mini cewa sawuna aka ɗiba, ta san mai karya abin. Na ce mata na gode, ni ina da wanda nake kai wa kuka. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta kwana a raina. Maigida ya kai ni asibiti, malamin ya duba ya ce ba kumburi, ya ba ni man shafawa, ya tambaye ni ko ina shan ruwa sosai. Na ce ina sha mana. Ni a ganina ina sha.

Da abin ya ƙi, maigida ya zaunar da ni ya ce, "Saratu, keken nan ne. Ni na kawo shi, ni zan fitar da shi. Akwai wani tela a bakin tasha da yake so, ranar kasuwa zai zo ya ɗauka."

Na ce, "Malam, kayan sallar mutane fa?"

Ya ce, "A mayar wa kowa atamfarta. Keke ana sayowa a Kano, ƙafa ba a sayowa."

Ban iya musu ba, don na san ƙauna ce ta sa shi. Amma na hango rumfar nan ba kowa, ni da kaji, sai zuciyata ta karye.

Washegari da sassafe, kafin mata su fito, na zauna a gindin keken. Durƙuso ma ya gagare ni, sai na miƙe ƙafafu a tabarma. Na ce, "Ubangiji Yesu, kai ka san ni. Ban san abin da zan roƙa ba, ƙafa ko keke. In keken zai tafi, ka ba ni zuciyar sakinsa. In kuwa da wata hanya, ka nuna mini ita ƙiri-ƙiri, don ka san kaina ba ya kama zance a nannaɗe." Na share ido na hau aiki.

'Yan'uwa, rana ba ta faɗi ba sai da ya amsa.

Da azahar ruwan Goggo ya ƙare, ta zo randata za ta ɗebi na alwala. Randar tana nan bakin rumfa, a idon kowa. Ta buɗe, ta tsaya. Ta ɗaga moɗa ta juya ta, a bushe ƙamas.

"Ke Saratu, randar nan yadda mai ruwa ya cika ta da safe haka take. Yaushe rabonki da ruwa?"

"Tun da na karya, Goggo."

"Jiya fa?"

"Haka."

"To musulunta kika yi ba ki gaya mana ba? Ai da mun yi miki guɗa."

Mata suka kwashe da dariya. Ladidi matar direba, wadda ɗakinta yake jikin namu, ta ce, "Ai ta ma fi mu, Goggo. Mu muna sahur."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Kara nake yi muku. Yaya zan kafa kai a moɗa kuna zaune leɓe a bushe?"

Goggo ta riƙe haɓa. "Kara? Mu da asuba muke cika ciki, mu wuni a inuwa, da magariba mu sha kunu har wuya. Ke ba sahur, ba buɗa-baki, ga goyo, ga taka ƙarfe wuni guda. Ko a wajenmu mai shayarwa an yi mata rangwame. Wannan azumin naki na wane ne? Fastonku ne ya ɗora miki?"

Ta cika moɗar da hannunta ta miƙo mini. "Sha."

"A gabanku, Goggo?"

"A gabana. In na ga ruwa na haƙura, ladana ne ya ƙaru. Kada ki tauye mini."

Na sha. Tsohuwa mai azumi, muryarta har ta dushe don ƙishi, tana tsaye a kaina sai da na shanye, ta ƙaro. Ina sha hawaye na zuba a moɗar, don na gane amsar addu'ata ce nake haɗiya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce su da suka yi tafiyar ƙafa da shanu sun san ciwon nan sarai. Ta ja ni jikin bango ta sa na dafa shi da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, na karkata gaba har na ji naman yana miƙewa. Ta ce in riƙa yi wa kowace ƙafa haka kafin in kwanta. In kuma ya kama ni, kada in ƙudundune, in miƙe ƙafar in jawo yatsun sama, ko in sauko in taka ƙasa, daga baya a gasa wurin da ruwan ɗumi. Ta kafa mini doka: duk rigar da na gama, in sauka in taka zuwa zaure in dawo, in sha ruwa. Da magariba kuma sai ga ƙwaryar kunun tsamiya da nono, wai rabon mai azumin da ba a sa ta ba.

Ba zan ce muku a daren ciwon ya ɗauke ba. Ya zo, amma maigida ya kama tafin ƙafar ya tura yatsun sama yadda na nuna masa, nan da nan ciwon ya saki. Daga nan ya riƙa ja da baya, har na kwana ban farka ba sai da zakara ya yi cara.

Ranar kasuwa tela ya yi sallama. Ina rumfa, ƙafata a kan keke, na kasa takawa. Maigida ya fita zaure, na kasa kunne. Na ji ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, an fasa. Ashe ba keken ba ne." Ya shigo ya dube ni ya ce, "Kin kusa sa ni sayar da marar laifi."

Na gama ɗinkin kowa kafin a ga wata. Ranar salla duk wadda ta yi ado sai ta biyo ta rumfa ta juya in gani. Goggo ta aiko da tuwon salla, ta ce a gaya mini yau ma ba azumi.

Goggo Dije ta daɗe da rasuwa. Keken yana nan, da moɗa a gefensa. Ciwon yakan leƙo jefi-jefi in na yi sakaci, in na tuna da bango da randa sai ya koma. Wadda kuwa ta ga ƙafarta ta kumbura ko ta yi zafi, kada ta tsaya jiran bango, ta tafi asibiti.

Na gode wa Yesu da bai raina kukan mace a kan keken ɗinki ba. Ku kai masa naku komai ƙanƙantarsa, ku dogara gare shi, kada kuma ku zaɓa masa ɗan aike. Ni na ɗaga ido sama ina jira, shi kuwa ya aiko ta ƙofar ɗakin maƙwabciyata, da moɗa a hannu. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.