Tamfol Ɗaya a Watan Marka

A tashar Funtuwa, Baturiya na goye da ɗanta bisa buɗaɗɗiyar motar Malumfashi, sai wani ɗan kasuwa ya janye tamfol ya lulluɓe buhunansa.

"Malam, tamfol ɗin nan na mutane ne! Watan marka fa muke ciki, dubi yadda gabas ta yi baƙi."

"Baiwar Allah, gishiri ne. In ya jiƙe ya narke, yaro kuwa bushewa zai yi."

"Bushewa? Da wannan tarin a ƙirjinsa? Kai ba ka haihu ba ne?"

"Nawa suna gida."

"Ai shi ya sa!"

Yayyafi ya fara sauka. Baturiya ta ɗaga tamfol ta shige, ta kwanto yaron ta zaunar da shi bisa gishirin.

"Ke! In ya yi fitsari fa?"

"Sai ka shanya, Malam. Bushewa zai yi."