Mai Tallan Katifa

Wata biyar da rasuwar maigidana, na kai wayarsa gyara. Na tarar da wata tsohuwa a rumfar tana yi wa mai gyara bayani.

"Ɗan nan, bidiyon marigayi ɗana nake son gani. Sai mai tallan katifa ya fito, kafin ya gama caji ya ƙare."

"Mama, ai korarsa ake yi."

"Mutum yana magana in katse shi? Ba haka aka rene ni ba."

Ya lallatsa wayar. "Na toshe tallan, na kashe masu shan cajin. Yanzu sai wanda kika bari zai shigo."

"Ikon Allah! Ashe ƙofar a hannuna take?"

Sai ga muryar ɗanta tas, yana dariya. Mai gyara ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa.