Gambar Iyakar Zuliha

A tashar Kankia wata tsohuwa ta tare ma'aikacin da ke jin ra'ayin jama'a kan tauraron ɗan'adam.

"Ɗan nan, da gaske abin nan yana ɗaukar hoton gonaki daga sama?"

"Ƙwarai, Inna. Gwamnati ke tambaya, wane aiki kuke so ya yi muku?"

"Ƙanen mijina ya tuge gambar iyakata a Ƙofa, ya cinye mini kunyoyi bakwai. An ce in kawo shaida. Ba ni hoton gonar na bara."

"Ni ma ban taɓa ganin hoton ba. Ra'ayi kawai nake rubutawa."

"To rubuta: Zuliha na son hoton gonarta kafin ruwan shuka."

Ya juya takardar. "Babu gurbin suna, Inna."

"Rubuta a gefe. Ina tsaye."