Jirgin da Aka Ƙera a Kanada

Ina zaune a rumfar jiran jirgin ruwa a Eastport ina 'yar saƙata, sai wani mai sabuwar hula ya zauna kusa da wata mata mai takalmin roba. Ni kuwa na baza kunne.

"Baiwar Allah, kin ga farin jirgin can? Nawa ne."

"Sannunka. To me ya sa yake ɗaure kamar akuya?"

"A Kanada aka ƙera shi, ga ta can tsallaken ruwa! Wai ba zan ɗauki fasinja ba sai hukuma ta ba ni izini na musamman, shi ma mutum goma sha biyu kacal."

"Wayyo, bawan Allah."

"Har sanarwa suka buga, wai duk mai jirgi ƙirar Amurka da zan kashe wa kasuwa ya kai ƙorafi. Wa zai kai? Mai wancan tsohon kwandon, Darlene ko wa? An ce ko jarida ba ta karantawa. Fasinjojinta da ƙarnin kifi suke sauka. Wata guda ya ishe ni in kwashe su kaf."

"Gaskiyarka, ba ta karantawa. Yaushe za a rufe karɓar ƙorafin?"

"Jibi! Daga nan shi ke nan."

Matar ta miƙe tana kakkaɓe wando.

"Au, ba jirgi kike jira ba?"

"Jirgin ne ke jirana, yallaɓai. Wancan kwandon. Amma yau fasinjoji sai su yi haƙuri, ina da takardar da zan rubuta."