Man Giyar Baba Grema

A wani gareji bayan tashar Diffa, tsoho Grema na zaune yana kallon makanike na tsiyaye man giyar tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Wani direba da bai sani ba ya leƙa kwanon da man ke zuba.

"Baba, man nan ya yi baƙi ƙirin. Mota mai canja giya da kanta, in ta tsufa haka, dauɗar ce ke riƙe da ita. Ka zuba sabo ka canja filta, sai ta ƙi ja."

"Shekara tara tana tsaye, tun ranar da ta fito da mu gudun hijira daga gonakinmu na bakin kogin Komadugu," in ji Grema. "Man nan jawur na zuba shi, kamar tattasan da muke shanyawa. Da yamma ba ka gane inda shanya ta ƙare, inda sama ta fara."

"Gonakin nan ai sun zama daji."

"Ka je ka gani?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Na kasa. Tamu gonar tana gindin tsamiyar mashigi."

"To, ni gobe zan je."

"In ta ƙi ja fa?"

"Sai a tura."

Makanike ya fara zuba sabon mai, direban yana kallon man yana gangarawa.

"Kai kaɗai ba ka iya turata, Baba. Ƙarfe nawa za mu tashi?"