Na Ajiye Tsintsiya, Na Hau Injin Ɗaga Kwantena

Salamu alaikum Malam Isufu, mai gabatar da shirinmu, ina gajiya? Hadiza ce 'yar Maraɗi, daga unguwar da ke bayan tashar jiragen ruwa ta birnin Lyon, a ƙasar Faransa.

Shekara tara ina sharar ofisoshin tashar nan, kullum idona yana kan injin ɗaga kwantena. Da na ce zan koyi tuƙa shi, maƙwabta suka tare maigidana suka ce, "Alhaji, za ka bar matarka ta hau sama kamar biri?" Ya ce, "Ni ma zan raka ta."

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa, don Faransancin takarda ya fi ƙarfina. Alhaji ya riƙa karanta mini tambayoyin, ina tuƙa tuwo ina amsawa. A karo na uku Allah ya ba ni sa'a.

Litinin ɗin nan na sauke kwantenata ta farko daga jirgi, ko girgiza ba ta yi ba. Da na sauko sai na yi wa Allah godiya.

Yanzu shawara nake nema, masu sauraro. Innata tana Maraɗi, ko tsani ba ta yarda in hau ba. Ta yaya zan gaya mata?